Digiri a kan ɗaga ƙarfe: me ake koya, kuma wa zai amfana?

Duk lokacin da aka ji wani matashi ya ce zai tafi jami'a ya karanta horon ƙarfi da juriya, abin da ke biyo baya dariya ce. Wani ya ce, “To shi ɗaga ƙarfen har sai an yi masa digiri?” Wani ya ce ai ga su nan a intanet, masu damatsa kamar turmi, suna koyar da shi kyauta. Iyaye kuma tambayarsu ɗaya ce: in ya gama, wane aiki zai yi? Tambayoyin nan uku duk suna kan hanya, amma kusan duk mai yin su ya ɗauka abin da ake koyarwa shi ne yadda ake cicciɓa ƙarfe daga ƙasa zuwa sama. Wannan kuwa a mako biyu an koye shi. Abin da ke cin shekaru uku zuwa huɗu a aji shi ne sanin awo: nauyi nawa, sau nawa, ga wa, a wace rana, kuma yaushe za a ce ya isa haka.

Me ake nufi da horon ƙarfi da juriya?

Reshe ne na kimiyyar wasanni. Aikin wanda ya karanta shi shi ne shirya jikin ɗan wasa ya iya ɗaukar abin da wasansa ke buƙata: ƙarfi, gudu, tsalle, saurin juyawa, da jure wahala har ƙarshen wasa, tare da rage masa haɗarin jin rauni. Kocin ƙungiya shi ke da dabarar wasa da zaɓen waɗanda za su buga. Likita da mai gashi, wato mai gashin ƙashi da tsoka, su ke karɓar ɗan wasa idan ya ji ciwo. Mai horon ƙarfi yana tsakaninsu: shi ke gina jikin kafin ciwo, shi kuma ke karɓar ɗan wasan daga hannun mai gashi ya mayar da shi matsayin da zai iya komawa fili.

A nan ne mutane suka fi rikita shi da masu gina jiki don nunawa. Mai gina jiki burinsa tsoka ta yi girma ta fito raɗau a ido. Mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa kuwa, in ka ƙara masa kilo biyar na tsokar ƙirji, ka ƙara masa kaya ne kawai da zai riƙa ɗauka duk lokacin da ya yi tsalle. Ɗan gudun dogon zango yana ɗaga ƙarfe, amma ba don ya yi ƙiba ba, don ƙafarsa ta riƙa mayar masa da ƙarfin da ya taka ƙasa da shi. Ƙarfe ɗaya ne, niyya ce ta bambanta, kuma niyyar ce ke canza lissafin gaba ɗaya.

Daga ina abin ya taso?

Girkawan zamanin da suna ba da labarin wani ɗan kokawa, Milo, wanda aka ce kullum yana saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa, maraƙin na girma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Ko labarin gaskiya ne ko almara, ƙa'idar da ke cikinsa ita ce ginshiƙin fannin har yau: jiki yana sabawa da nauyin da aka ɗora masa, in ana so ya ci gaba sai an riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Shigar abin cikin kimiyya kuwa ta ƙarni na 20 ce, kuma abin mamaki ba daga filin wasa ta fara ba. A 1936 wani masani, Hans Selye, da ke aiki a birnin Montreal na Kanada, ya bayyana yadda jikin dabba ke amsa wahala: da farko ya girgiza, sannan ya saba ya ƙara ƙarfi, in wahalar ta zarce kuma ya durƙushe. A 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya nuna cewa sojojin da suka dawo daga yaƙi da raunuka sun fi saurin warkewa idan aka sa su ɗaga nauyi mai ƙaruwa a hankali. Tsarin nan na ɗagawa sau goma-goma har zagaye uku, wanda kowane ɗakin motsa jiki a duniya ke maimaitawa, daga aikinsa ya fito.

Tarayyar Sobiyat ce ta mayar da shi makami a gasar Olamfik. A tsakiyar shekarun 1960 Lev Matveyev ya tsara yadda ake rarraba shekarar ɗan wasa gida-gida, lokacin gina jiki daban, lokacin gasa daban, lokacin hutu daban, domin ƙarfinsa ya kai ƙololuwa daidai ranar da ake buƙata. A zamanin ne Yuri Verkhoshansky ya gano amfanin dirowa daga kan akwati a zabura sama nan take wajen ƙara ƙarfin tsalle.

A Amurka kuwa kocina sun daɗe suna hana 'yan wasansu taɓa ƙarfe, a ganinsu yana sa jiki ya sandare mutum ya rasa gudu. A 1969 Jami'ar Nebraska ta ɗauki wani matashi, Boyd Epley, tsohon ɗan tsallen sanda, ya horar da 'yan ƙwallon zari-rugarta irin ta Amurka, bisa gargaɗin cewa in gudun ko ɗan wasa ɗaya ya ragu to a bakin aikinsa. Nebraska ta lashe kambun ƙasa a 1970 da 1971, sai sauran jami'o'i suka bi sahu. Epley ɗin ne ya jagoranci kafa ƙungiyar masu wannan sana'a, NSCA, a 1978, ita kuma ta fara ba da takardar shaidar ƙwarewa ta CSCS a 1985. Birtaniya ta kafa tata, UKSCA, a 2004. Wato sana'ar yarinya ce idan aka kwatanta da likitanci ko lauya, shi ya sa har yanzu ake jayayya a kan wa ya cancanci a kira shi gwani.

Abin da ake karantawa a aji

Ɗalibin da ya shiga da tunanin zai wuni a ɗakin motsa jiki, shekarar farko takan ba shi mamaki. Zai haddace ƙasusuwa da tsokoki da jijiyoyi, inda kowace tsoka ta kama da inda ta ƙare. Zai karanta yadda zuciya da huhu da jini ke aiki a lokacin gudu. Zai haɗu da lissafin motsi, wanda fiziks ne tsantsa a jikin mutum, sannan ga ƙididdiga da hanyoyin bincike, darasin da ya fi sa ɗalibai kuka. Daga baya a zo kan abinci mai gina jiki, halayyar ɗan wasa, gwaje-gwaje, tsara horo, da komowa daga rauni. A Ingila digirin farko shekaru uku ne, a Amurka huɗu. Wasu jami'o'in, kamar St Mary's da ke Twickenham a Landan, suna ba da digiri mai sunan fannin kai tsaye. A wasu kuma, mutum yakan karanta kimiyyar wasanni gaba ɗaya, ya ƙware a wannan reshe a digiri na biyu.

Bari in ɗan tsaya a kan wasu abubuwa da karatun ke warwarewa, don a ga bambancinsa da abin da ake ji a bakin mutane.

Jiki yana da hanyoyi uku na samar da kuzari. Akwai wadda ke ba da ƙarfi mai yawa nan take amma ta ƙare cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka, irin ta mai gudun mita 100. Akwai ta tsakiya mai ƙona sukari ba tare da jiran iska ba, wadda ke riƙe mutum na minti ɗaya zuwa biyu yana jin ƙafafunsa na ci da wuta. Sai ta uku mai dogaro da iskar da ake shaƙa, wadda ba ta da zafi amma tana daɗewa. Ɗan ƙwallon ƙafa na babban mataki yakan ci kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya, amma akasarinsu tafiya ce da sassarfa. Abin da ke kawo ƙwallo a raga shi ne 'yan zaburar nan na mita 10 zuwa 20. Kocin da bai san wannan ba sai ya sa yara zagaye fili sau ashirin kullum, ya yi ta mamakin yadda suke da numfashi amma ake wuce su kamar suna tsaye.

Sannan wanda ya fara ɗaga ƙarfe, a makonnin farko ƙarfinsa yakan ƙaru sosai alhali damtsensa bai canza ba. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa ce ta fara koyon yadda za ta tashi zaruruwan tsoka masu yawa a lokaci guda. Girman tsokar sai daga baya. Haka ciwon jikin da ake ji kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye mai tsanani, wanda aka daɗe ana ɗora wa sinadarin laktik: sinadarin yakan bar jini cikin kamar sa'a ɗaya, ciwon kuwa yana da nasaba da ƙananan tsagewa a zaruruwan tsoka, musamman daga motsin da tsoka ke miƙewa tana riƙe da nauyi, kamar gangarowa daga tudu.

Akwai kuma abin da Robert Hickson ya nuna a 1980. Ya sa wasu mutane horon ƙarfi zalla, wasu horon juriya zalla, wasu kuma duka biyun a haɗe na makonni goma. Masu haɗawar ƙarfinsu ya yi ta ƙaruwa, sai wajen mako na bakwai ya tsaya, daga baya ma ya fara ja da baya. Tun daga nan ake ta bincike a kan yadda za a jera biyun a mako ɗaya ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba. Wannan ita ce matsalar da mai horon ƙarfi ke kwana da ita a tsakiyar kakar wasa, lokacin da ƙungiya ke buga wasa duk bayan kwana uku, koci na son kowa a fili, shi kuma yana da rabin sa'a kacal a mako da zai taɓa 'yan wasan.

Ga yadda safiyarsa take a ƙungiyar da ke da kayan aiki. Kafin a fita atisaye, 'yan wasa su jeru, kowa ya hau wani faranti da ke ƙasa mai auna ƙarfin taku, ya riƙe ƙugu, ya ɗan tsuguna ya yi tsalle sau uku. Lambobi su fito a kwamfuta. Wani ɗan baya da ya saba tashi santimita 42 yau ya tsaya a 37, kuma na'urar ta nuna yana jingina nauyinsa a ƙafar hagu. An tambaye shi ya ce lafiya lau, domin ba ɗan wasan da ke son zaman benci. Mai horon ya duba bayanan 'yar na'urar GPS da ɗan wasan ke sawa a tsakanin kafaɗunsa, ya ga gudun da ya yi da matuƙar sauri a makon nan ya kusa ninka na makon jiya. Yanzu sai ya je ya sami koci, mutumin da ya girme shi ya kuma fi shi iko, ya gamsar da shi a rage wa wannan yaro aiki yau. Na'ura ta gama nata. Sauran aikin na baki ne da sanin yadda ake magana da manya, kuma wannan ba a cika samunsa a littafi ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi: rauni da rai

In ana neman dalili ɗaya da ya sa ƙungiyoyi ke biyan waɗannan mutane, to rauni ne. Ɗauki tsagewar tsokar bayan cinya, wadda ke cikin raunukan da suka fi addabar 'yan ƙwallon ƙafa. Akwai wani atisaye mai sauƙi da ake kira Nodik: ɗan wasa ya durƙusa, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa sulalewa gaba a hankali, jiki a miƙe, yana riƙe kansa da tsokar bayan cinya har sai ta gaza ya tare ƙasa da tafin hannu. Ba ƙarfe, ba na'ura. A wani bincike da aka buga a 2011 a kan 'yan wasa 942 a ƙasar Denmak, rukunin da bai yi atisayen ba ya sami irin wannan rauni sau 52, wanda ya yi kuma sau 15. Haka tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, da aka gwada a kan 'yan mata matasa a Norway aka buga sakamakon a 2008, ya rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Duk da haka ƙungiyoyi da yawa ba sa yin Nodik yadda ya kamata, saboda yana sa ciwon jiki a makonnin farko kuma 'yan wasa ba sa son sa. Sanin abu daban, sa mutane su yi shi daban.

Ɗaya gefen kuma ya fi muni, domin jahilci a wannan aiki yana kisa. A watan Agustan 2001 Korey Stringer, ɗan wasan Minnesota Vikings, ƙungiyar ƙwallon zari-rugarta ta Amurka, ya mutu sakamakon bugun zafi a sansanin atisaye. A Janairun 2011 an kwantar da 'yan wasan Jami'ar Iowa su 13 a asibiti bayan wani atisaye mai tsanani da suka yi da dawowarsu daga hutu. Tsokarsu ce ta farfashe, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini, cutar da alamarta ita ce fitsari ya yi duhu kamar ruwan tsatsa, kuma tana iya lalata ƙoda. Wanda ya yi karatun ya san cewa kwanakin farko bayan hutu su ne mafi haɗari, don haka ba a fafe gora ranar tafiya. Ya san in zafin cikin jiki ya haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas mutum ya fara sambatu, a tsoma shi cikin ruwan sanyi nan take kafin ma a nemi motar asibiti. Ya kuma san cewa mai ɗauke da rabin jinin sikila, wanda lafiyarsa ƙalau a rayuwar yau da kullum, yana iya faɗuwa idan aka matsa masa gudu ba hutu cikin zafi. Wannan ne ya sa hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta fara neman a tantance 'yan wasan babban rukuninta tun 2010. Kocin da ke hukunta yara da gudu har sai wani ya yi amai, yana ganin tarbiyya yake yi. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa hujjar a ce sai mai ilimi zai riƙe wannan aiki.

Masu cewa ɓata lokaci ne

Su ma suna da abin faɗa, kuma ba duka ne hassada ba. Tsofaffin kocina sukan ce ana turo musu yara da digiri waɗanda za su yi maka bayanin sinadaran tsoka tiryan-tiryan, amma ka ba su 'yan wasa talatin da minti ashirin sai ido ya raina fata. Ba su iya tsayuwa inda za su ga kowa ba, ba su iya gyara tsugunon mutum da kalma biyu ba, wasu ma ba su taɓa ɗaga abin da suke umartar wani ya ɗaga ba. Wannan gaskiya ne, kuma laifin jami'o'in da ke koyar da fannin a kan allo ne kawai.

Akwai suka ta biyu daga cikin masanan kansu. Yawancin binciken da ake dogaro da shi an yi shi ne a kan mutane ƙalilan, sau da yawa ɗaliban jami'a maza, na makonni shida zuwa goma sha biyu. Ɗaukar wannan a ɗora wa ƙwararriyar 'yar wasa mai shekaru goma tana horo, akwai ganganci a ciki. Har tsarin rarraba shekara na Matveyev, da ake koyarwa kamar karatun dole, akwai masu cewa an gina shi ne don 'yan wasan da ke da babbar gasa ɗaya a shekara, ba masu buga wasa hamsin ba. Sai dai a lura: wanda ya iya gano raunin bincike, a aji ya koyi hakan. Mai koyo daga bidiyon intanet ba shi da ma'aunin da zai bambance wanda ya sani da wanda ya iya surutu, ko wanda damatsansa na ƙwayoyin ƙara kuzari ne yake sayar da su a matsayin sakamakon tsarinsa.

In an gama, ina aikin?

A nan ya kamata a faɗa wa matasa gaskiya. Kujerun da ke manyan ƙungiyoyi kaɗan ne, masu fitowa da digirin kuma suna da yawa. Hanyar shiga galibi ta aikin koyon sana'a ce, wanda sau da yawa ba a biya ko a biya abin da bai taka kara ya karya ba, ga fitowa tun asuba, ga aiki ranakun hutu. Kuma idan aka kori koci, sau da yawa da mutanensa ake korarsa. Digirin kansa ba ya wadatarwa: masu ɗaukar aiki sukan nemi takardar ƙwarewa a kansa. CSCS tana buƙatar digiri da shaidar iya ceton wanda zuciyarsa ta tsaya, sannan jarrabawa kashi biyu, ta kimiyya da ta aiki; NSCA ta kuma sanar cewa daga 2030 masu nema a Amurka sai sun fito daga kwas ɗin da aka tantance musamman. Ta UKSCA kuwa sai mutum ya tsaya gaban masu gwaji ya ɗaga ƙarfe da hannunsa, ya koyar, ya kuma kare tsarin da ya rubuta wa ɗan wasa na gaske.

Amma wanda ya ɗauke ido daga manyan kulob zai ga filin ya fi haka faɗi. Rundunonin soja da 'yan kwana-kwana a ƙasashe da dama suna ɗaukar irin waɗannan ƙwararru. Akwai makarantun horar da yara, inda ake buƙatar wanda ya san cewa ɗaga nauyi daidai kima a ƙarƙashin kulawa ba ya hana yaro tsawo, saɓanin abin da aka daɗe ana faɗa. Akwai asibitocin gashin ƙashi, da koyarwa, da bincike.

Ina ruwan wanda ba ɗan wasa ba?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce kowane baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ya kuma yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Kashi na biyun ne mutane suka fi mantawa. Tsoka tana zaizayewa da shekaru, kuma ita ce ke raba tsohon da ke tashi daga zaune da kansa da wanda sai an kama shi. A 1990 Maria Fiatarone da abokan aikinta a Boston suka sa tsofaffi goma masu shekaru wajen 90 horon ƙarfin ƙafa na makonni takwas. A cikin waɗanda suka kammala, ƙarfin ya ninka fiye da sau biyu. Ilimin da ke kare cinyar ɗan ƙwallo shi ne dai ke hana kaka faɗuwa ta karya ƙugu, kuma ina zaton nan gaba masu wannan digiri za su fi samun abin yi a wajen tsofaffi da masu ciwon sukari fiye da filayen wasa.

Wanda ke shawarar shiga, kafin ya cike fom ya binciki kwas ɗin da kansa. Ya tambayi sa'o'i nawa ɗalibi ke yi yana horar da 'yan wasa na gaske, kuma a ƙarƙashin wa. Ya duba ko malaman sun taɓa riƙe ƙungiya ko a takarda kawai suka san abin. Ya leƙa ɗakin gwajin ya ga ko ɗalibai na taɓa na'urorin ko kallo suke yi ta bayan gilashi, ya kuma nemi sanin inda waɗanda suka gama shekaru uku da suka wuce suke aiki yanzu. In zai yiwu ya fara taimaka wa wata ƙaramar ƙungiya tun a shekarar farko, ko da jera mazugai ne da riƙe agogon gudu, domin ranar neman aiki sa'o'in nan za a fara tambayarsa kafin a buɗe takardar sakamakonsa.